Wanda Allah Ya Ba Gida, Me Zai Kai Shi Kwanan Tanti?

A hutun ƙarshen shekarar nan, in Allah ya kai rai, ina so in kai iyalina gandun dajin Yankari mu kwana a tanti. Na san akwai ɗakunan baƙi a sansanin Wikki, da gado da fanka, amma ni so nake mu shimfiɗa tabarma a ƙasa, mu dafa abin da za mu ci da hannunmu, sanyin hunturu ya tashe mu da asuba. Tun da aka haifi 'ya'yana ba su taɓa kwana inda babu bango ba. Da na je gaida mahaifiyata, Hajiya, na kai mata maganar, sai da ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Allah ya rufa maka asiri, ya ba ka gida da ƙofa da makulli. Ga bayin Allah can suna kwana a tanti suna kuka, suna roƙon a mai da su garinsu. Kai kuma da kuɗinka za ka kwashe mini jikoki ka kai su daji su kwana a ƙasa. Wannan ba raina ni'ima ba ne?"

Ban ba ta amsa a ranar ba, domin abu biyu ne ta haɗa. Akwai fargabar uwa, akwai kuma tuhuma a kan niyyata, kuma ta biyun ce ta hana ni sakat.

Fargabar tata tana da tushe. Sambisa ma gandun namun daji ce kafin ta zama abin da ta zama. Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari da dajin Rugu na Katsina, yau ba mai hankalin da zai ce zai kai yara can shan iska. Saboda haka abu na farko a shirin nan shi ne tambayar lafiyar hanya, daga bakin direbobin da ke bin Dindima da Alkaleri kullum, da kuma ma'aikatan gandun. Da rana za mu tafi, da rana za mu dawo. Ba za mu kafa tanti a ko'ina ba sai cikin harabar Wikki, inda ma'aikatan suka nuna mana. In kuma labari ya ɓaci a makon tafiyar, an fasa ke nan, ko yara za su yi kuka. Amana aka ba ni, kuma ba ni da izinin jefa ta cikin halaka don biyan sha'awata.

Wasu abokaina, da suka ga yawan tambaye-tambayena, sun ce in rage, in yi tawakkali. Ni kuwa duk lokacin da aka faɗa mini haka, Hijira nake tunawa. A shekarar 622, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka, Sayyidina Abubakar ya riga ya tanadi raƙuma biyu yana kiwata su. An ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi bn Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ba ma Musulmi ba ne, don gwanintarsa aka ɗauke shi. Madina tana arewa, amma sai suka fara nausawa kudu zuwa kogon Saur, suka kwana uku a ciki. Nana Asma'u 'yar Abubakar ce ta haɗa guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin abin da Kuraishawa ke ƙullawa, Amiru bn Fuhaira kuma yana koro tumaki ta wurin don su sha nono, sawun mutane kuma ya ɓace. Wanda ya fi kowa dogaro ga Allah ne ya yi wannan tsari dalla-dalla. To ni wane ne da zan ce sayen gidan sauro rashin tawakkali ne?

Shi ya sa na zauna na bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Gidan sauro, ko da yake rani ne. Tufafi masu dogon hannu, ba baƙi ba, ba shuɗi ba, domin ƙudan tsando launukan nan yake bi. Takalmi rufaffe ga kowa, da dokar cewa ba mai zura ƙafa da safe sai ya zazzage shi, saboda kunama. Ƙasar Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, ba banza ba aka san Kaltungo da jinyar saran maciji, don haka na koya wa babban yarona da uwarsa cewa in tsautsayi ya faɗa ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. Kwantar da mutum ake yi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Kaskon gawayi kuwa ba zai shiga cikin tanti ba komai sanyi, domin iskar da yake fitarwa a rufaffen wuri tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Bargo da rigar sanyi sun ishe mu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tambayar Hajiya ta biyu ce ba a sayen amsarta a kasuwa.

Gaskiya ta faɗa. A ƙasarmu tanti ba abin nishaɗi ba ne. Fiye da mutum miliyan 2 rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a arewa maso gabas. Akwai 'yan Najeriya a sansanin Minawao na Kamaru tun 2013, akwai su a Sayam Forage cikin jihar Diffa, akwai mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, mutanen Maiduguri da suka kwanta a gidajensu suka wayi gari a sansani. Ko ba a kai ga masifa ba, makiyayi a ruga da ɗan ci-rani a rumfar kasuwa da almajiri a zaure, duk ba zaɓi suka yi ba. Kakannina ma da suke kwana a bukkar gona lokacin girbi, burinsu shi ne jikokinsu su sami rufin kwano. Idan mai gidan siminti ya fito yana neman kwanan ƙasa don jin daɗi, dole a tambaye shi ko ba wasa yake yi da abin da ke sa wasu hawaye ba.

Da na koma ga addini da tambayar, abin da na fara lura da shi shi ne wahala ba ta da wata daraja don kanta. An ruwaito labarin mutumin da ya yi bakancen tsayuwa cikin rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, yana azumi. Manzon Allah ya umarce shi da ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Haka wani dattijo da ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙafa, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, aka ce ya hau abin hawa. Saboda haka ba zan iya ce wa Hajiya kwanan ƙasa ibada ce ba, ko cewa ciwon baya lada ne. In da wannan ce hujjata, da ta kayar da ni.

Amma shi wannan addinin ne kuma ya wajabta wa mai rumbu cike da hatsi ya wuni da yunwa wata guda a kowace shekara. Shi ne ya sa attajiri da sarki su tuɓe babbar riga su ɗaura ƙyalle biyu, su bar masauki a Makka su koma Mina su kwana a tanti ranar 8 ga Zulhajji, su kwana a fili a Muzdalifa, su sake komawa tantin a kwanakin jifa. Hajiya da kanta ta yi wannan kwanan, kuma har yau da shauƙi take ba da labarinsa. A goman ƙarshe na azumi ana kafa wa Manzon Allah 'yar hema a cikin masallaci don i'itikafi, alhali ɗakunan iyalinsa suna manne da masallacin. Maƙwabtanmu Kirista ma sun san Idin Bukkoki a littafinsu, inda aka umarci Bani Isra'ila su bar gidajensu su zauna a bukka kwana bakwai a kowace shekara don tuna zaman jeji, kuma Yahudawa na yin sa har yau. Ashe mai gida ya bar gidansa da gangan na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne a wurin masu imani. Abin lura shi ne duk waɗannan suna da ranar farawa da ranar gamawa, kuma an ɗauke wa mara lafiya da mai rauni. Ba na daidaita yawon buɗe ido da aikin Hajji, Allah ya tsare ni. Abin da na ɗauka kawai shi ne Mahaliccinmu ya san ni'imar da ba ta taɓa yankewa ba, idon ɗan Adam kan daina ganinta.

Ranar da na zauna lissafin ruwa ne na gane abin da nake nema wa yaran nan. Mu shida ne. A gida ba wanda ya taɓa tambayar lita nawa muke ƙararwa a yini, tanki ne a sama, in ya ƙare a tayar da inji ko a kira mai ruwa. Da na nemi ma'aunin da zan yi aiki da shi, sai na tarar ma'aikatan agaji a sansanonin gudun hijira suna da mafi ƙarancin abin da suke ƙoƙarin ba kowane mutum: lita 15 a yini, ta sha da girki da wanka da wanki duka. Mu shida, lita 90 ke nan, jarka mai lita 25 guda huɗu ba kaɗan. Na ɗauko jarkokin na jera a tsakar gida na kira yaran, na ce wannan ne ruwanmu na yini ɗaya. 'Yata ta dube su ta ce, "Baba, ai wannan ko wankana da na ƙanwata ba zai isa ba." Sai na gaya mata cewa Manzon Allah da mudu ɗaya na Annabi yake alwala, abin da bai kai lita guda ba, da sa'i ɗaya kuma, wato mudu huɗu, yake wanka. Ta sha karanta wannan a Islamiyya, har ta ci jarrabawa a kansa. Amma ba ta taɓa riƙe buta tana sanin cewa in ta ƙare babu famfo a bayanta ba.

To wannan sanin nake so su samu. Malamai suna yawan wa'azi a kan wadatar zuci da haramcin almubazzaranci, amma yaron da bai san iyakar abin da ke isarsa ba, ta yaya zai san ya wuce iyaka? Godiya ma haka take. Kullum muna cewa Alhamdu lillahi bayan cin abinci, kuma da gaske muke, sai dai wanda bai taɓa hura wuta iska na kashe masa ita ba, godiyarsa a kan dafaffen tuwo a dunƙule take, bai san sassanta ba. Ina so 'ya'yana su san sassan ni'imar da suke ciki ɗaya-ɗaya: rufi, ƙofa, makewayi, fitilar da ake kunnawa da yatsa, ruwan da ba a ɗauko a ka ba. Raina ni'ima, a ganina, shi ne mutum ya rayu cikinta shekara da shekaru bai taɓa sanin tana nan ba.

Akwai iyakar da na sa wa kaina, kuma a nan maganar Hajiya ta gyara mini tafiya. Ba zan taɓa ce wa yaran nan, "Yanzu kun ɗanɗana abin da 'yan gudun hijira ke ji" ba. Ƙarya ce, kuma cin fuska ne. Mu makullin gidanmu yana aljihuna, mota tana gefe da mai a cikinta, mun san ranar komawa. Kamar mai azumi ne da ya san kunu da ƙosai na jiransa da magariba, ba zai ce ya san halin wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Abin da ke cin ran wanda aka kora daga garinsa ba taurin ƙasa ba ne. Rashin sanin ranar komawa ne, da gonar da ta zama kufai, da waɗanda aka bari a baya ba a binne ba. Kwanan Yankari ba zai koyar da wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada ya koya wa 'ya'yana shi. Da na koma wa Hajiya da wannan bayani, ba ta ce ta gamsu ba. Cewa ta yi, "To, Allah ya tsare. Amma ƙaramar kada ta kwana a bakin ƙofa." Ta kuma ce za ta yi mana dambun nama.

Uwargida ce ta kawo tambayar da ta fi kusa da gida. Ta ce, "Malam, wannan hutun naku ne ko namu? A nan ina da gas da famfo, can za ka kai ni in durƙusa gaban murhu, ku kuna kallon giwa." Tana da gaskiya, kuma maganar ta shafi tushen hujjata. Duk abin da na faɗa a kan wahalar da mutum ya zaɓa da kansa ya rushe idan ni na zaɓa, ita ta ɗauka. Sai muka raba aiki tun daga gida. Girki nawa ne da babban yaro, kuma mun fara gwaji a tsakar gida da ƙaramin risho, shinkafa da wake da mai da yaji, da shayi. Guzuri busasshe zai rage hura wuta: kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino. Wanke-wanke na 'yan matan ne, tsare abinci daga birai kuma na kowa, domin gwaggon birin Wikki ya saba da mutane, ba a barin leda a fili ko mota a buɗe. Ta kuma kafa sharaɗin sutura: labule na zane da sanduna don ita da 'yan matan, tanti kusa da makewayi, zuwa maɓulɓular ruwan ɗumi kuma sai lokacin da babu cunkoso. Ruwan nan na Wikki ɗuminsa yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma garai-garai yake har ana ganin yashin ƙasansa. Ina so ita ma ta shiga hankalinta kwance.

Akwai kuma babin fiƙihu da yaran suka haddace ba su taɓa aikatawa ba. Daga garin Bauchi zuwa Wikki ya haura kilomita 100, ya wuce buridi huɗu da malaman Malikiyya suka sa wa kasaru, wanda ake ƙiyastawa da kimanin kilomita 80. Tunda ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba, Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu za mu yi. Zan sa su nemo alƙibla ba da waya ba, su dubi inda rana ta fito su karkata hagu zuwa arewa, sannan mu gwada da wayar mu ga wa ya dace. Zan nuna musu taimama a kan ƙasa ta gaske, ko da ba mu buƙace ta ba. Ina so su ga cewa addinin nan ya san matafiyi, ya yi masa rangwame tun kafin ya roƙa.

Shi ma wurin yana da hakki a kanmu. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma garken giwayensa na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da kanki da dorina a kogin Gaji. Wasu na ganin keɓe daji al'adar Turawa ce, alhali Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. An hana mu ba-haya a inuwar da mutane ke hutawa da kan hanya da mashaya, an umarce mu da kashe wuta kafin barci. A dajin da ciyawarsa ta bushe ƙayau, iskar hunturu na kaɗawa, garwashi ɗaya ya isa ya yi ɓarnar da ba za mu iya biya ba. Duk ledar da muka shiga da ita, da ita za mu fito. In an samu hali kuma zan roƙi jagora ya kai mu kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake zaton mafaka ce a zamanin farautar bayi. Ko a can ma akwai waɗanda suka kwana a dajin nan ba da son ransu ba.

Tantin aro na yi, kuma da na zo gwada kafa shi a ƙofar gida sai wani maƙwabcina ya tsaya. Mutumin Borno ne, ya zauna a sansani da iyalinsa kafin ya samu ya dawo Bauchi ya kama sana'ar ɗinki. Na ji nauyin ya gan ni da abin nan, amma shi ko a jikinsa. Ya karɓi gudumar daga hannuna ya ce, "Malam, ba a kafa turke a tsaye, kwantar da shi ake yi ya ba tantin baya, in ba haka ba iska ɗaya za ta tuge shi." Ya ce ƙofa ta kalli yamma ko kudu, don hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. Ya ce a share wurin tas a duba ramukan tururuwa kafin a shimfiɗa komai, a sa kwali ko buhu a ƙarƙashin tabarma domin sanyi ta ƙasa yake shiga jiki, yara kuma a sa su tsakiya, manya a gefe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarana suka kewaye shi suna saurare, suna yi masa tambayoyi, yana amsawa dalla-dalla, har ya nuna wa babban yadda ake ƙullin igiyar da ba ta kwancewa.

Na gaya masa maganar da Hajiya ta yi, na tambaye shi ko shi ma haka yake gani. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce shi dai ba zai sake kwana a tanti ba ko za a biya shi, amma bai ga laifin yara su koya ba, domin ranar da suka fito daga garinsu, waɗanda suka saba kwanan gona da kiwo su ne suka riƙe sauran. Autansa, wanda a nan Bauchi aka haife shi kuma ajinsu ɗaya da yarona na biyu, yana ta roƙon a tafi da shi. Na ce akwai wuri a mota, kuma zan ƙara jarka ɗaya. Uban ya ce sai ya yi shawara da uwar yaron, domin ita ko hoton tanti ba ta son gani.